Wasa uku a mako guda: abin da ya kamata iyaye su sani kan gasar 'yan dagaji

Idan kana da ɗa saurayi a Pauwa ko a cikin garin Ƙanƙara, ko ke uwa a Faskari ko Sabuwa da kika gaji da wanke rigar ƙwallo mai jar ƙasa, akwai ranar da za ta iya zuwa muku. Yaron zai durƙusa bayan sallar isha'i ya ce, "Baba, wata ƙungiya ta kira ni gwaji." Zai faɗi sunan ƙungiyar, sunan da ba ku taɓa ji a rediyo ba, ya ƙara da cewa bana suna sa ran hawa firimiya. Kafin ka ce masa je ka ko zauna, yana da kyau ka san abin da wannan hawan yake nufi, da yadda ake yin sa. Yawancinmu mun fi sanin teburin Ingila fiye da namu na gida, kuma a namu na gidan ne ɗanka zai zuba ƙuruciyarsa.

Ƙwallon Najeriya hawa-hawa ne. A sama akwai gasar firimiya, NPFL, mai ƙungiyoyi 20, inda huɗu na ƙasan tebur ke faɗuwa a ƙarshen kaka. A ƙarƙashinta akwai NNL, wadda masu sharhin wasanni suka laƙaba wa gasar 'yan dagaji. A ƙasan wannan kuma akwai NLO, inda ƙananan ƙungiyoyin garuruwa da makarantun koyon ƙwallo suke fafatawa. Wanda aka kira gwaji daga ƙauye, da wuya ya fara daga sama.

An raba NNL shiyya biyu, Arewa da Kudu, domin rage tsadar tafiye-tafiye. Ana shafe watanni ana buga wasannin gida da waje a rukuni-rukuni. Sai dai daga 2023 zuwa 2025, gama kaka a saman rukuninka bai isa ya kai ka firimiya ba. Abin da yake ba ka a lokacin shi ne tikitin zuwa wata gajeriyar gasa da ake kira Super 8, inda ake tara ƙungiyoyi takwas a gari ɗaya, huɗu daga Arewa, huɗu daga Kudu. Kowace ƙungiya ta kara da sauran ukun shiyyarta sau ɗaya-ɗaya. Biyun da suka fi maki a kowace shiyya su ne suka hau. Daga baya zakaran Arewa da na Kudu su buga wasan ƙarshe don kofi, amma wannan kwalliya ce kawai, an riga an gama rabon nama.

Ka tsaya ka lissafa. Wasa uku, minti 270, a cikin kusan mako guda. Duk wahalar shekara, da kwanan mota, da bashin mai abinci, a nan aka riƙa yanke musu hukunci. Idan mai cin ƙwallonku ya tashi da zazzaɓi ranar wasan farko, ko mai tsaron gida ya yi kuskure ɗaya, ko aka ba ɗan bayanku jan kati, babu zagaye na biyu da za a gyara. Wanda ya sha kashi a wasan farko ya shiga na biyu da wuƙa a wuya. Kuma filin ba naka ba ne, 'yan kallon ba naka ba ne, ga ruwan Kudu da ba ya sallama kafin ya sauko.

Mu a Katsina mun ɗanɗana wannan. A 2022 Katsina United ta faɗi daga firimiya, tare da Kano Pillars da Heartland ta Owerri da MFM ta Legas. Faɗuwar Pillars ta fi ba mutane mamaki, domin ƙungiya ce da ta ɗauki kofin firimiya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Wani ɓangare na abin da ya kayar da ita ba a cikin fili ya faru ba. A watan Afrilun wannan shekarar, a wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, 'yan kallo suka tayar da tarzoma har aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta ci Pillars tara ta kuma zare mata maki uku. Wanda ya jefa dutse ya koma gida ya kwanta. 'Yan wasan da ba su jefi kowa ba su suka wayi gari a rukunin 'yan dagaji.

Shekara guda bayan nan, a tsakiyar 2023, maƙwabtan biyu suka sake haɗuwa a Super 8 a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba a Jihar Delta, tafiyar yini cur daga Katsina. Dukansu suka haye. Daga Kudu kuma Heartland da Sporting Lagos suka samu gurbi, Heartland ce ta ɗauki kofin. A gidajen kallo na yankinmu an yi murna, kuma murnar tana da dalili: Katsina United ba ƙungiyar jiya ba ce, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ko da yake ba ta ɗauka ko sau ɗaya ba. Dattawan da suka ga wancan zamanin ba su ji daɗin ganin filin Muhammadu Dikko ba manyan baƙi ba.

To amma ka bi sawun huɗun nan. Kaka ɗaya kacal, Heartland da Sporting Lagos suka sake faɗuwa a 2024. Pillars da Katsina United ne suka tsaya da ƙafafunsu. A wannan shekarar an yi Super 8 a Enugu, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Nasarawa United suka hau daga Arewa, Ikorodu City da Beyond Limits daga Kudu. El-Kanemi har kofin ƙalubale ta haɗa da shi a shekarar, tana 'yar rukuni na biyu. Beyond Limits kuwa, duk da nasararta, ba ta taka firimiya ba. Mamallakinta ɗaya da Remo Stars da ke can sama, kuma doka ba ta yarda mutum ɗaya ya riƙe ƙungiyoyi biyu a gasa ɗaya ba. Gurbin ya koma hannun Heartland, wadda ta faɗi watanni kaɗan kafin nan. Ita ma ba ta ci ribar cinikin ba, domin ta sake faɗuwa a 2025. A 2025 ɗin aka koma Asaba, inda Wikki Tourists ta Bauchi da Barau FC ta Kano suka hau daga Arewa, Warri Wolves da Kun Khalifat daga Kudu.

Abin da nake so ka riƙe daga duk wannan shi ne, ƙungiya ce ke hawa, ba yaro ba. Gurbin na mai ƙungiya ne, yana iya riƙe shi, yana iya rabuwa da shi. Ko da ya riƙe, abu na farko da sabuwar ƙungiyar firimiya ke yi shi ne neman gogaggun 'yan wasa, sau da yawa daga cikin waɗanda ƙungiyoyinsu suka faɗi. Wani lokaci har kocin da ya kawo su sai a sauya shi. Yaron da ya zura ƙwallon da ta kai su yana iya ganin jerin sunayen sabuwar kaka babu nasa. Ba mugunta ba ce kullum, mai ƙungiya yana tsoron faɗuwa ne. Amma ga yaro da iyayensa sakamakon ɗaya ne.

A wasu ƙasashen tsarin ya sha bamban. A Amurka da Kanada akwai wasan hokin ƙanƙara (ba Ƙanƙararmu ta Sarkin Pauwa ba, ta daskararren ruwa da ake sulu a kanta da takalma masu ƙarfe). Babbar gasarsu ita ce NHL, a ƙarƙashinta akwai AHL, wadda ita ma ke rufe kaka da wasannin fitar da gwani don lashe kofin Calder, tun 1937. Ƙungiyar Hershey Bears ta ɗauke shi sau 13, har da 2023 da 2024 a jere, amma ko sau ɗaya ba ta hau NHL ba, kuma ba za ta hau ba, domin a can ba a hawa, ba a faɗuwa. Kowace ƙaramar ƙungiya tana jingine da wata babba, ita ke raino mata 'yan wasa. Wanda ya yi fice sai a kira shi sama shi kaɗai, ko da a tsakiyar kaka ne. Kuma a zagayen ƙarshe sai ƙungiya ta ci wasa huɗu cikin bakwai kafin a ce ta yi nasara, don haka tuntuɓen rana ɗaya ba ya kashe shekara.

Namu ya fi kama da na Ingila, inda ake kammala neman gurbin ƙarshe na firimiya da wasa ɗaya a Wembley. Masu zuwa gidan kallo za su tuna Luton Town, wadda a farkon 2014 tana rukuni na biyar, a 2023 ta doke Coventry City a bugun fenareti ta hau firimiya. Ta yi kaka ɗaya ta sauko. Bambancin shi ne a can ko wanda ya faɗi yana faɗuwa ne a kan katifar kuɗin talabijin. A nan, ƙorafin bashin albashi da na alawus ya zama ruwan dare a ƙananan gasanni, kuma yawancin ƙungiyoyin Arewa da aljihun gwamnatin jiha suke numfashi.

A ganina tsarin Super 8 na wancan lokacin yana da daɗin kallo amma bai cika adalci ba. Ƙungiyar da ta fi kowa a tsawon kaka ta cancanci fiye da wasa uku a filin da ba ta saba da shi ba. Duk da haka ya kasance da amfani ɗaya babba ga yaro irin ɗanka: a makon nan masu neman 'yan wasa da kociyoyin firimiya suke taruwa a wuri guda. Yaron da ya yi watanni yana wasa a filayen da ba kyamara, a nan ne ake iya ganinsa a lokacin.

Wannan ya fi muhimmanci ga 'ya'yan yankinmu fiye da na Kano ko Kaduna. Tun kafin daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, baƙo ya daina shigowa garuruwanmu hankali kwance. Mai neman 'yan wasa ba zai bi hanyar Sheme don kallon wasan unguwa ba. Saboda haka yaron da ke da baiwa a Pauwa dole ne shi ya fita, zuwa Funtua ko Katsina ko Kano, ya zauna inda ba ka ganinsa. Ga shi kuma ƙarshen kakar yakan faɗo a watan Yuni ko Yuli, daidai lokacin da gonar masara ke neman hannu, kuma daidai lokacin jarrabawar NECO. Duk gidan da ya saki saurayi a wannan lokacin ya san abin da ya bayar.

Idan ka yanke shawarar barinsa ya tafi, kada kunya ta hana ka yin tambaya. Ka tambayi rukunin da ƙungiyar take, NNL ce ko NLO, ko kuwa ba ta da rajista sam. Ka nemi ganin takardar yarjejeniya, a karanta maka ita gaban wanda ya san aiki, a ga wata nawa ce, nawa ne albashi, wa zai biya asibiti idan ƙafa ta karye, kuma me zai faru da shi idan ƙungiyar ta hau. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa da ita. Duk wanda ya ce ka sayar da sa ko ka jinginar da gona don a kai yaron gwaji ƙasar waje, ka yi taka-tsantsan da shi. Dokar FIFA ta hana sauya sheƙar ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan.

Akwai kuma wani abu da ƙananan ƙungiyoyinmu ke asara saboda rashin sani. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa tsakanin ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai sunan yaron yana cikin rajista a hukumance, da shekarunsa na gaskiya. Ke uwa, idan wani ya ce a rage masa shekara uku a takarda don ya shiga gasar matasa, ki sani cewa wannan takardar za ta bi shi duk inda ya je, kuma a gasar 'yan ƙasa da 17 ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru.

In da hali, a bar shi ya rubuta jarrabawarsa tukuna. Kakar NNL tana dawowa kowace shekara. Idan kuma ya riga ya tafi, ƙungiyarsa ta samu tikitin Asaba ko duk garin da aka zaɓa, ka sa a karɓo maka lambar wayar kocin da ta wani babba da ke tafiya da su. Ka kuma tambaya tun kafin su tashi ko da dare za su bi hanya, da kuma wanda zai biya kuɗin motar dawowa gida idan wasa ukun ba su yi kyau ba.