Gyaran famfo mai ƙarfi: Abin da dillalan injuna a Malanville ya kamata su duba

Duk wanda ya taɓa leƙa garejojin bakin hanyar Kandi a nan Malanville ya san yadda ake gyaran tifa. Sai a ɗaga bodi sama, yaron gareji ya kutsa ƙarƙashi da sifana a hannu, alhali babu abin da ke riƙe da wannan nauyi sai man da ke cikin silinda. Idan tiyo ya fashe ko wani ya sassauta noti bisa kuskure, to sai dai wani ikon Allah.

Abin da ya sa muka waiwayi wannan batu shi ne bututun man nan da ya taso daga Agadem ta Jamhuriyar Nijar, ya tsallako kogi ta yankinmu ya nufi Seme a bakin teku, tafiyar kusan kilomita 2,000, wanda aka fara lodin mansa a jirgin ruwa cikin watan Mayun 2024. Manyan famfuna ne ke tura man, kuma masu sauraronmu a rediyo sun sha tambayar yadda ake gyaran irinsu. Neman amsa ya kai mu ga famfunan da suka fi waɗannan haɗari nesa ba kusa ba, wato na fasa dutse a filayen man Amurka.

A can, musamman a jihohin Texas da Dakota ta Arewa, man yana maƙale ne cikin dutse, don haka sai a haɗa ruwa da yashi a tura cikin rijiya da ƙarfin gaske har dutsen ya tsage. An fara gwada dabarar a Kansas a 1947, ta bunƙasa bayan shekarar 2000, kuma ita ta sa Amurka ta zama kan gaba a duniya wajen haƙo ɗanyen mai a 2018. Matsin famfo guda kan kai bar 1,000, ma'aunin nan da masu faci ke kira kilo. Tayar tirela kuwa kilo 8 zuwa 9 take ɗauka.

Matsalar ita ce yashi yana cinye bawul da robar hana yoyo cikin ɗan lokaci, dole a riƙa buɗe famfon a kai a kai. A tsohon ƙira, da babbar guduma ake dukan murfin kafin ya kwance. Nan ake samun karayar yatsu da ɓarɓashin ƙarfe a ido da ciwon baya, sannan idan akwai sauran matsi a ciki, murfin kan yi tsalle ya bugi mai kwancewa. An daɗe ana yi wa ma'aikata wa'azin su kula, amma gajiya da gaggawa ba sa jin wa'azi. Daga baya injiniyoyi suka koma kan ƙirar kanta. Suka fito da murfin da ake ɗaurewa da na'ura ba da guduma ba, suka rage nauyin sassan da ake cirewa, suka rage yawan mahaɗar bututu, tunda kowace mahaɗa wurin yoyo ce. Kafin a taɓa noti kuma sai an sauke matsi ta bawul ɗin da aka tanada, kuma ba mai shiga kewayen famfon muddin yana aiki.

Mu a nan ba mu da rijiyar mai, amma muna da tifa da jak da injin wankin mota da nozul ɗin dizil, kuma duk da matsi suke aiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, matsin da bai wuce kilo 7 ba yana iya huda fatar mutum. Mun sha ganin makaniki na shafa tiyo da hannu don neman inda ke yoyo, ko ya tara yatsa a bakin nozul. Idan mai ya shige, raunin kamar sukar ƙaya yake, sai mutum ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, alhali man na kashe nama a ciki. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa cikin 'yan sa'o'i, in an yi jinkiri ana iya rasa yatsan. Da guntun kwali ake neman yoyo, ba da hannu ba.

A ganinmu, 'yan kasuwar da ke sayo injuna daga Kwatano ko Kano suna da hannu a maganin abin, domin abin da suka kawo shi makaniki zai gyara. Galibi farashi da ƙarfin doki kaɗai ake tambaya. Ya kamata a ƙara da cewa: ta ina ake sauke matsinsa? Akwai agogon da ke nuna ya sauka? Bel ɗinsa na da murfi? Ana samun robarsa a kasuwa, ko sai an yanko tsohon tubu an cusa? Mai sayen tifa ta hannu kuma ya duba ko sandar tokare bodi tana nan, domin sau da yawa an cire ta tun kafin motar ta iso, kuma kowane mai walda a garin nan zai iya ƙera wata a yini guda.