Yaɓe Kafin Damina

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin bazara. Da zarar zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai maigida ya jingina tsani ya hau soro. Yana duba indararon da ganyen darbejiya da leda suka toshe, da 'yar tsagar da rani ya buɗe a gindin zanko, da inda rufi ya lotsa har ruwa zai iya kwanciya. A tsakar gida kuwa samari na tattaka jiƙaƙƙiyar ƙasa da yankakkiyar ciyawa har ta yi danƙo. Wanda ya yi wannan aiki barcinsa zai sha cikin marka. Wanda ya ce sai baɗi, shi za ka tarar da tsakar dare a watan Agusta yana jera kwanuka a ɗaki yana tarar yoyo.

Zuciyar mutum da zamansa da jama'a irin wannan gini ne. Da yawanmu mun ɗauka kwanciyar hankali abu ne da ake gamawa a karɓi mukulli: in na sami aiki, in na yi aure, in na sauke farali, shi ke nan. Amma ginin ƙasa ba a gama shi. Muddin ana zaune a ciki, ana gyara.

Maginan da sun san haka tun ran gini. Hasumiyar babban masallacin Agadez a Nijar, mai tsayin mita 27, da ƙasa aka yi ta. An gina masallacin wajen 1515, aka sabunta shi a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Kowa ya ga hoton hasumiyar zai lura da itatuwan da suka firfito daga jikinta tun daga ƙasa har sama. Suna ƙarfafa ginin, kuma a kansu masu yaɓe suke takawa. Wato maginin bai yi alfaharin cewa aikinsa ya fi ƙarfin ruwa ba, sai ya bar wa mai gyara wurin sa ƙafa. Mutum ma yana bukatar barin irin wannan mataki a halinsa: aboki, ko mata, ko ƙane da zai iya ce masa, "Yaya, a nan fa ka kuskure," ba tare da an yi wata guda ana gaba ba. Wanda ya toshe wannan hanya, kowa na ganin tsagarsa, amma ba mai iya hawa.

Sai maganar indararo. Ba saukar ruwa ke kayar da soro ba, kwanciyarsa ce. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ma ba ta cin ta da sauƙi, amma in ruwa ya rasa mafita sai ya jiƙa ƙasar rufi, ya ninka mata nauyi, ya bi ta jikin bango. Ɓacin rai dole ne ya zo wa duk mai zama da mutane. Matsalarmu ita ce mukan rikita haƙuri da ƙunshe magana. A ɓata wa mutum rai ya ce "ba komai", alhali akwai komai, ya ajiye abin shekara biyar, sai ran rabon gado ya fashe. Kunya da kara halaye ne na gari, amma ba su hana a keɓe da mutum a ce, "Goggo, maganar da kika yi ran suna ta tsaya mini a rai." Addini ma bai ba Musulmi damar ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Kwana uku sun isa zuciya ta huce, ba su kai ta ruɓe ba.

Akwai kuma gyaran da ya fi rashin gyara ɓarna, wato shafa siminti a bangon ƙasa. Ranar farko abin gwanin sha'awa, sumul, har da fenti. Sai dai ƙasa tana shan danshi tana fitar da shi, siminti kuwa sai ya kulle danshin a ciki. Bayan 'yan shekaru, in magini ya ƙwanƙwasa da yatsa, zai ji ciki fayau, don shafen ya rabu da bango. Wata rana sai ya ɓanɓaro gaba ɗaya, a ga ƙasar da ke baya ta zama gari. Shi ya sa magabata suke shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko katsi daga marina, abubuwan da suke jituwa da ƙasa. Da abin da aka yi gini ake yin gyara. Zumuncin da aka gina da ziyara da hira a kan tabarma, tura kuɗi ta waya ba ya ɗinke shi, balle hoton murmushi a Facebook. Dattijon da ɗansa ya shekara bai leƙo shi ba, ba buhun shinkafa yake jira ba. Zumunta a ƙafa take.

Gaskiya ne, wani bangon ya wuce yaɓe. In gindinsa ya cinye ya fara karkata, magini na ƙwarai cewa zai yi a sauke shi kafin ya faɗa kan yara. Haka zaman da ya koma duka da wulaƙanci, manya da alƙali ake kira. Damuwar da ta hana mutum barci da cin abinci makonni, likita ake kai wa. Sanin wanne ne na yaɓe, wanne ne na saukewa, shi ma hankali ne.

Amma yawancin abin da ke hana mu sakewa bai kai nan ba. Ƙananan tsagogi ne: gaisuwar da aka daina, bashin da aka yi shiru a kansa, ta'aziyyar da ba a je ba. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don mai kai gulma ba ya samun kasuwa tsakanin mutum biyu da suke magana da juna. Katangar da ke tsakaninka da maƙwabci taku ce ku biyu, in ta faɗi sirrin gida biyu ne ya tonu. Saboda haka ba a tsayawa gardamar ta ɓangaren wa ta fara tsagewa. Wanda ya riga gani, shi ne zai kwaɓa ƙasa ya yi sallama.