Daga Matan Fada Zuwa Birnin Kebbi: Yaushe Za Mu Fara Tafiya Hutu da Iyali?

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada wadda idan aka ba Bahaushe labarinta sai ya yi murmushi. Magidanci ne zai sami hutun aiki, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, har da karen gida, su shiga wata mota mai kama da ɗaki, wadda a cikinta akwai gado da murhu da makewayi. Suna tafe suna yada zango, yau a bakin tafki, gobe a gindin dutse, har ƙarshe su shiga wani babban birni su kwana biyu suna zagaya gidajen tarihi kafin su juya gida. Wannan al'ada ba daga sama ta faɗo ba. Faransa ta kafa dokar ba ma'aikata hutun mako biyu tare da albashi a 1936, Ingila ta yi irin tata a 1938. Shi kansa karen, tun daga 2004 Tarayyar Turai ta tanadar masa fasfo mai ɗauke da shaidar allurar rigakafi.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu, domin abin koyi a cikin wannan al'ada ba motar ba ce, ba kuma karen ba ne. Abin koyi shi ne gida sukutum ya tashi tare, a tafi a hankali, domin yara su ga ƙasa da idanunsu.

Idan muka dubi harshenmu za mu ga inda gizo ke saƙa. Bahaushe matafiyi ne na asali, kuma kowace tafiya ya raɗa mata suna: fatauci, cin rani, almajirci, ziyara, aikin hajji. Amma duk cikinsu babu wadda ba ta da wata buƙata a ƙarshenta, kuma galibi namiji ne ke fita, a bar mata da yara a gida. Kalmar "hutu" kuwa ma'anarta a ajiye aiki a zauna, babu tafiya a cikinta. Ita kuma "yawo" ba ta cika fita da mutunci ba, shi ya sa muke da yawon banza da yawon dandi. Sai da aka jingina mata "buɗe ido" sannan ta sami shiga cikin dattawa. Ke nan harshen da ya ce tafiya mabuɗin ilimi, bai tanadi suna ga tafiyar da uba zai yi da iyalinsa don ilimin kawai ba.

Wanda ya fi kusa da Baturen nan a ƙasarmu shi ne Bafulatani makiyayi. Shi ne ke ɗora gidansa a kan jaki ko sa, ya tashi da mata da yara, kare na biye, su gangara fadamar Rima da rani. Sai dai tasa tafiyar neman ciyawa da ruwa ce, kuma karensa ma'aikaci ne. Haka abin yake a wurinmu baki ɗaya: kare na farauta ne da gadi da tsaron dabbobi, waɗanda su ne addini ya yi rangwame a kansu. Saboda haka namu karen ya zauna ya tsare gida, mu mu kama hanya.

Ina za a nufa? Ga wanda ke Sakkwato ko Zamfara ko ita kanta Jihar Kebbi, ban ga hanyar da ta kai ta Argungu zuwa Birnin Kebbi ba, tazarar da ba ta wuce kimanin kilomita 50 ba. A fara da Argungu. A nan ne kogin Matan Fada yake, inda ake bikin kamun kifi wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, bayan dogon zamani na gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Yaro zai ga gora da homa, a gaya masa aikin Sarkin Ruwa, ya ji cewa giwan ruwan da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Daga nan a shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Argungu, wanda aka buɗe wa jama'a a 1958, a ga makamai da tambura na daular da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16.

Kashegari a bi ta cikin gonakin shinkafa a shiga Birnin Kebbi. Garin ya taɓa zama babban birnin Kabawa, har mayaƙan jihadi ƙarƙashin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci shi a 1805. Yau shi ne mazaunin Sarkin Gwandu, kuma hedkwatar jiha tun daga 27 ga Agusta, 1991. Wato cikin tafiyar awa guda yaro ya taka ƙasar ɓangarori biyu da suka daɗe suna yaƙi, suka kuma sasanta. Wane darasin tarihi ne a aji zai yi masa wannan? A kasuwa kuma kunnensa zai sha "biyat" a maimakon biyar, "tahi" a maimakon tafi, "shina" a maimakon yana, ya gane cewa Hausa ba ta ƙare a bakin gidansu ba.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai matsalar tsaro. Harin da Lakurawa suka kai garin Mera da ke Ƙaramar Hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu, a Nuwamban 2024 ya isa gargaɗi. Don haka kwana cikin mota a daji irin na Bature ba namu ba ne. A yi tafiya da rana, a tambayi mutanen gari halin hanya kafin a tashi, a kwana a masauki ko gidan 'yan'uwa, a kuma zaɓi lokacin sanyi, kafin zafin Maris da Afrilu ya kankama.

Ga hukuma kuma akwai jan hankali. Bayan bikin 2009 sai da aka shafe shekara goma ba a sake yi ba, har zuwa Maris na 2020. Garin da baƙinsa suka dogara ga bikin 'yan kwanaki, duk shekarar da biki ya faɗi, mai masauki da mai abinci da mai kwalekwale sun faɗi tare da shi. Iyalan cikin gida masu zuwa a ƙarshen mako ne za su iya riƙe Argungu duk shekara. Abin da suke bukata ba shi da yawa: makewayi mai tsafta na mata, inuwar zama a bakin kogi, rigar kariya ga yaran da za su hau kwalekwale, da ɗan jagora mai ba da tarihi da Hausa.

Ku kuma magidanta, abin da ake kashewa a ankon biki guda zai iya zuba mai a kai iyali Argungu a dawo. Yaranmu sun san titunan Dubai da Landan ta cikin waya, alhali ba su san inda Kanta ya yi mulki ba, kuma laifin ba nasu ba ne. Hutun makaranta na nan tafe. Na zaune bai ga gari ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.