Barbarar Sarauniyar Zuma da Lafiyar Amya

A kowace amya mace ɗaya ce ke da alhakin yin ƙwai, wato sarauniya. Kimanin mako ɗaya bayan ƙyanƙyashewarta sai ta fita yawon barbara. A sararin sama ake yin wannan barbara, a wani wuri da mazan zuma na amyoyi daban-daban ke taruwa. A fita ɗaya ko 'yan fitowa kaɗan takan sadu da maza 12 zuwa 20, kowannensu kuwa da ya gama sai ya mutu. Maniyyin da ta samu takan adana shi cikin wata 'yar jaka a jikinta, kuma da shi za ta yi amfani har ƙarshen rayuwarta, domin ba ta sake barbara.

Tun a 1845 Johann Dzierzon ya bayyana cewa ƙwan da maniyyi ya shiga shi ke zama mace, wanda bai shiga ba kuwa namiji. Ke nan ma'aikatan amya duk mata ne, uwarsu ɗaya, ubanni daban-daban, saɓanin 'yan uba da aka sani a gidan Bahaushe. Wannan bambancin uba shi ne ƙarfin amya. Idan cuta ta shigo, ba dukan 'ya'yan za ta kayar ba, tun da kowane ɗaki da irin juriyar da ya gada. David Tarpy da Thomas Seeley sun gwada haka a Amurka, inda suka tarar cewa cutar ruɓewar tsutsa ta fi yin ɓarna a amyar da namiji ɗaya ya barbari sarauniyarta. Haka abin yake wajen daidaita zafi. Tsutsa na bukatar ɗumin da bai yi nisa da digiri 35 ba. Wasu ma'aikatan sukan fara fifita da fukafukansu da zarar zafi ya ɗan ɗaga, wasu sai ya tsananta, don haka ɗumin ba ya hawa ko sauka farat ɗaya.

Inda barbara ta gaza, misali iska ko ruwan sama suka tsare sarauniya har makonni suka wuce, sai ta riƙa haihuwar maza zalla, waɗanda ba sa ɗebo ruwan fure. Ma'aikata sukan gane raunin sarauniya ta ƙanshin jikinta, su reni wata a madadinta, muddin akwai sauran ƙwan mace a cikin saƙa.