Bangon da Ke Magana da Dare

A watan Satumbar 2025 mutanen Landan suka wayi gari da sabon zane a bangon wata babbar kotu: alƙali ya ɗaga gudumarsa yana jibgar wani mai zanga-zanga da ke kwance a ƙasa. Nan da nan aka killace wurin, bayan 'yan kwanaki aka kankare zanen. Sai dai an yi ihu bayan hari, don hoton ya riga ya zaga wayoyin duniya. Aikin Banksy ne, wanda ya taso yana fenti a bangayen Bristol tun shekarun 1990. Jaridu sun sha ambatar sunaye, shi kuwa bai taɓa fitowa ya ce ga ni ba.

Asalin ɓuyar tsoron kamu ne, domin a dokar Ingila fesa fenti a bangon wani ba da izini ba ɓarnar dukiya ce. Shi ya sa yake yanko siffar a kwali tun daga gida, ya kara a bango, ya fesa, ya yi gaba. Amma ɓuyar ta zo masa da wata riba. Kowa ya san halin ɗan Adam: in ka soki masu mulki, kafin a saurare ka sai an bincika jam'iyyarka da wanda ya biya ka. Zanen da mai shi ya ɓace ba ya barin wannan kafa. Babu wanda za a tona wa asiri, dole a dubi abin da aka zana. A 2015, a sansanin 'yan gudun hijira na Calais da ke Faransa, ya zana Steve Jobs da buhu a kafaɗa da tsohuwar kwamfuta a hannu, don tuna wa Turawa cewa mahaifin Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, mutumin Siriya ne. Hoto ɗaya ya gama abin da dogon sharhi zai yi ta kewaye-kewaye a kai.

Ni dai ban yarda cewa har yanzu ɓuyar Banksy jarunta ce tsantsa ba. Ta zama jari. A 2018 aka yi gwanjon zanensa na yarinya da balan-balan a Sotheby's kan sama da fam miliyan 1, ana buga guduma sai wata na'ura da ya ɓoye a firam ɗin ta tsattsaga rabinsa. Ya so ya yi wa attajirai ba'a. A 2021 suka sayi yagaggen kan sama da fam miliyan 18.

Inda ɓuya take da nauyin rai, ba a gwanjo. A farkon 2011 wasu yara a garin Dara'a na Siriya suka rubuta a bangon makaranta cewa layi ya zo kan shugaban ƙasar na lokacin, Bashar al-Assad. Jami'an tsaro suka zaƙulo su, suka azabtar da su, iyaye suka fito titi a watan Maris, aka buɗe musu wuta. Daga nan boren ya bazu ƙasar baki ɗaya.