Jona rauta a gida: inda ake kuskure, da inda data ke zurarewa

Gidaje da dama a Kano, Kaduna da Maraɗi yanzu suna da intanet nasu na kansu, wasu ta layin MTN ko Airtel, wasu ta wayar faiba, wasu kuma ta Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2023. Mai haɗawa zai zo ya jona, fitilu su kama, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan 'yan makonni sai ka ji maigida yana tsine wa kamfani, wai data ta ƙare tun wata bai raba ba. Sau tari ba laifin kamfanin ba ne.

Modem shi ke karɓo intanet daga kamfani, rauta kuma ta rarraba shi ga wayoyi da kwamfutocin gida. Masu amfani da sim galibi an haɗa musu su biyun cikin akwati ɗaya. Idan naka a rabe suke, duba bayan rautar: za ka ga kafa ɗaya da aka rubuta wa WAN ko Internet, yawanci launinta daban. Nan wayar modem ke shiga. Sauran kafofin, masu alamar LAN, na kwamfutoci ne. Mutane da yawa kan cusa wayar modem a LAN, su wuni suna neman abin da ya lalace, alhali babu abin da ya lalace. Idan ka gama, kashe komai, kunna modem tukuna, jira kamar minti biyu, sannan ka kunna rauta. Wayar da za ka ja zuwa ɗaki kada ta wuce mita 100.

Wannan duk aikin minti goma ne. Babbar matsalar ita ce barin rauta yadda ta fito daga kwali. Kalmar sirri biyu gare ta, amma yawancinmu ɗaya muka sani, ta hawa Wi-Fi. Ta biyun ita ke buɗe shafin sarrafa na'urar, wanda ake shiga ta burauza da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a rautocin Huawei. A na'urori da yawa, musamman tsofaffi, sunan shiga da kalmar duk "admin" ne, kuma an manna su a ƙasan akwatin. Wanda ya shiga nan zai iya canza kalmar Wi-Fi, ya kore ka daga layinka, har ya karkatar da kai zuwa shafin banki na bogi. Kada a ɗauka wasa ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama rautoci da kyamarori barkatai ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na kamfani, aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka. Da irinta aka kai wa kamfanin Lonestar na Laberiya hari a waccan shekarar.

Saboda haka ranar da aka jona, ranar za a canza kalmomin sirrin duka biyun. A zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, a guji WEP domin an daɗe da fasa shi, a kashe WPS. Lambar wayarka ko sunan autarka ba kalmar sirri ba ce, duk unguwa ta sani.

Akwai kuma ɓarakar cikin gida. Wayoyin Android na yanzu suna iya raba Wi-Fi ta hoton QR, don haka yaro ɗaya ya isa ya ɗora abokansa duka ba tare da ya furta ko harafi ba. Riƙa leƙa jerin na'urorin da ke kan layi. Baƙi kuwa a buɗe musu layin baƙi, wanda yawancin rautoci ke da shi, ka ga an fita kunya ba a ba da makullin gida ba. Ita ma kwamfuta mai Windows takan sauke sabunte-sabunte masu cin gigabayit a ɓoye, sai an saita mata cewa layin na awo ne.

Idan hadari ya haɗo da damina, kashe soket kaɗai bai wadatar ba. Tsawa na iya biyo wayar da ta shigo daga waje ta ƙone modem da rauta da kwamfutar da ke jone da su, don haka a zare wayar ita ma. Haka idan an ɗauke wuta, a cire filogi har sai ta dawo ta daidaita.