Amortisar: abin da tseren motoci ke koya wa direbobin Kurfai

Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Pari don tseren Pari-Dakar na farko, wanda Thierry Sabine ya shirya. Bayan sun ratsa Aljeriya da Agadas, daga Tawa suka biyo hanyar Talco da Filinge zuwa Yamai. Guda 74 kaɗai suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Cikinsu akwai ƴar ƙaramar Renault 4 ta wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, wadda ta zo ta biyar, ta bar manyan motoci masu tsada a baya. Da hannunsu suka shirya ta. Wannan ya nuna cewa a kan irin hanyoyinmu sanin mota ya fi yawan kuɗi.

Cikin kayan da mai shirya mota ya fi kula da su akwai amortisar, wanda a Najeriya ake kira shakazoba. Mutane da yawa suna zaton shi ke ɗaukar nauyin mota. Ba haka ba ne: rasor ke ɗaukar nauyi. Amma rasor in ya lanƙwashe sai ya yi ta tsalle, aikin amortisar kuwa shi ne ya kwantar da wannan tsalle, taya ta zauna a ƙasa. A cikinsa akwai mai da fistan mai ƙananan huji. Duk lokacin da mota ta girgiza, man yana matsewa ta hujin, ƙarfin girgizar ya koma zafi. A kan gargada fistan ba ya hutawa. Man ya yi zafi, ya yi kumfa, amortisar ya saki. Don maganin wannan ne wani Bafaranshe, Bourcier de Carbon, ya fito da amortisar mai iskar gas a 1953, wanda gas ɗin ke danne man ya hana shi kumfa.

A Ingila akwai wata ƙungiya mai suna 750 Motor Club, wadda aka kafa a 1939 domin masu ƙaramin ƙarfi su ma su samu shiga tsere. Tana shirya gasar motocin Locost, waɗanda mutum ke haɗawa da kansa a gida bisa siffar Lotus Seven ta 1957. Dokokin irin wannan gasa suna ƙayyade injin da tayoyi da sauran kayan da za a sa, don kada mai kuɗi ya sayi nasara. Tun da ba kowane amortisar aka yarda da shi ba, ɗan tsere sai ya auna nauyin motarsa, ya duba ƙarfin rasor ɗinta, sannan ya zaɓi wanda ya dace da su. Ya san in ya yi tauri da yawa taya za ta riƙa barin ƙasa, in ya yi laushi da yawa mota za ta riƙa tangaɗi a kwana. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Direban da ke jigila tsakanin Yamai da Filinge, tafiyar kilomita wajen 180, ko mai shiga ƙauyukan Dallol Boso da fasinja da buhunan hatsi, shi ma akwai dokar da ta ƙayyade shi, wato aljihunsa. Haka ma jami'in da aka damƙa wa motar gwamnati da ɗan kasafin gyara. Bambancin shi ne, ɗan tsere kofi zai rasa, direba kuwa rayukan mutane ne a hannunsa. Mota mai mataccen amortisar tana daɗewa kafin ta tsaya in an taka birki, tana cin taya, tana kuma zamewa a kan gargada.

Saboda haka ga abin da ya kamata a kiyaye. In an ga mai yana tsiyaya a jikin amortisar, ya mutu. In an danna kusurwar mota an saki, ta yi ta lilo ba ta tsaya nan da nan ba, a kai ta gareji. A canza biyu tare, hagu da dama, kada a haɗa sabo da tsoho. A duba robobin da ke riƙe shi, don su ma suna cinyewa. A sayi wanda aka ƙera domin irin motar da nauyinta, kada a bi tsohon kaya don sauƙin kuɗi, gama araha ba ta ado. Kada kuma a yi wa mota lodin da ya wuce ƙarfinta, domin ba amortisar ɗin da zai gyara rasor da aka danne har ƙasa.

Tseren Dakar ya bar Afirka tun 2009, amma gargada tana nan. Masu motoci, makanikai da shugabannin ma'aikatu, wajibi ne kowa ya duba ƙafafun motarsa kafin ya kama hanya.